Shawara ko Sallama

Duk cikin zuri'ar Malam Jumare na Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya, babu wadda ake kafa misali da ita wajen hankali kamar Batulu. In yarinya ta yi rawar kai, sai a ce mata, "Ba kya ganin Malama Batulu? Ko atamfa za ta saya sai ta yi shawara." Ita kuwa Batulu ta daɗe da ƙosawa da wannan yabo. Saura kaɗan ta yi ritaya daga koyarwa a makarantar 'yanmata, kuma tun tuni ta lura cewa masu yabon nata, in ciwo ya kama su, ba ƙofarta suke bugawa ba. Kaduna suke nufa, asibitin ƙanwarta Radiya.

Radiya aikin jinya da ungozoma ta karanta, amma duk birni Likita ake ce mata. Tun tana gyara wa mutane har ta daina. Duk lokacin da aka kira sunan a gaban Batulu sai ta ji kamar an taka mata ɗan yatsa, don ita ce aka taɓa ba gurbin karatun likita na gaskiya, a Ibadan, tana 'yar shekara sha takwas.

Ba ƙwaƙwalwa ce ta raba su ba. A makaranta Batulu ke zuwa ta ɗaya, Radiya kuwa da kyar take hayewa. Abin da ya raba su shi ne yadda kowacce ta shiga zauren baffansu, Malam Jumare, ƙanen mahaifinsu.

Zauren babba a cikin birni, hanya biyu ake shigarsa. Ko mutum ya shiga da shawara, ko ya shiga da sallama. Mai shawara hannu rabbana yake zuwa, ya durƙusa ya ce, "Ga abin da ya taso, me aka gani?" Daga nan magana ta bar hannunsa. Duk abin da babba ya furta ya zauna, don ka tambaya da bakinka sannan ka tsallake, cin fuska ne da har jikoki sai sun ji labarinsa. Kuma in ka tambayi ɗaya dole ka tambayi sauran, kowa bisa girmansa. Mai sallama kuwa goro yake riƙowa ko dabino, ya ce, "Zan yi tafiya, a sa mini albarka." Babba ya duba ya ga kaya a ɗaure, ya san in ya hana aka ƙi ji, girmansa ne zai zube a gaban yara. Sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ba a koya wa yara wannan. Abin da ake koya musu shi ne shawara alheri ce, kuma masu koyarwar su ne waɗanda ake zuwa wurinsu shawarar.

Batulu da shawara ta shiga. Baffa ya ce abu ya yi kyau, amma a ji ta bakin Gwaggo Maimuna a Ƙofar Jatau. Gwaggo ta ce a hannun wa za ta zauna a can, a dai tambayi Kawu na Ƙofar Kibo, shi ya san Kudu. Kawu yana shirin tafiya aikin hajji, ya ce a bari ya dawo. Ya dawo lafiya da tsarabar zamzam, an riga an rufe rajista. Babu wanda ya ce mata a'a, kuma wannan ne ya fi ci mata rai har yau, don ba ta da ko mutum ɗaya da za ta riƙe a zuciya. Ta shiga kwalejin horon malamai, ta auri Lawal ɗan Baffa, ta haifi maza biyu da mace ɗaya, Allah ya yi wa Lawal rasuwa, ta ci gaba da riƙe alli.

Da lokacin Radiya ya zo, goro ta saya ta zagaye gidajen nan uku kafin azahar. Kowa ya sa mata albarka, Gwaggo har da ba ta bargo. Haka ta bar aikin gwamnati, haka ta buɗe asibitin farko ya durƙushe, haka ta yi aure biyu duka suka mutu, ba ta samu haihuwa ba. Duk lokacin da ta faɗi, dangi su taru su ce, "Ai mun faɗa," Batulu ta ji wani sanyi a ƙirji wanda take istigfari a kansa in ta idar da salla. Sai dai Radiya ba ta daɗewa a ƙasa. Asibiti na biyu ya tsaya da ƙafarsa, har hawa biyu.

Abu ɗaya ne Batulu take da shi wanda Radiya ba ta da shi, wato auta, Ibtisam. Tun ranar da aka yaye yarinyar Radiya ta nemi a ba ta riƙonta, kamar yadda ake yi wa 'yar'uwa marar haihuwa. Batulu ta ce bari ta yi shawara. Shawarar ba ta ƙare ba har Ibtisam ta gama jami'a, ta fito da digirin harhaɗa magunguna.

Wata Laraba bayan la'asar, Batulu na zaune a tabarma tana duba takardun gwajin 'yan aji uku, Ibtisam ta faɗo tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Mama, sun kira!"

"Su wa? Ki yi sallama mana kamar 'yar Musulmi."

"Salamu alaikum. Kamfanin magungunan nan na Legas. Sun ɗauke ni, Mama. Sashen da ake gwada ingancin magani kafin ya fita kasuwa. Suna jiran amsa kafin ƙarshen mako. Anti Radiya ta ce mutum ɗari ma sai su nema a ɗauki..."

Ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita.

Batulu ta rufe jar biro a hankali. "Ta riga ni ji ke nan."

"Wayarki a kashe take, kina aji."

"Da na mutu a ajin fa? Ita za ki fara gaya wa ko?"

"Haba Mama."

Batulu ta dubi 'yarta. Dogon wuyan Lawal ne, idanun nata ne, amma wannan tsayuwar ta mai shirin tashi sama, ƙafa ɗaya a gaba, ta san inda aka samo ta. Ta ce, "Ranar Asabar za mu je wurin kakanki."

"Shawara ko sallama?"

"Wa ya koya miki wannan tambayar?"

Ibtisam ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Shawara," in ji Batulu. "Mu haka aka tarbiyyantar da mu."

Gwaggo da Kawu sun daɗe da rasuwa, saura Baffa kaɗai, kuma Batulu ta san amsarsa kamar yadda ta san karatun salla. Zai ce abu ya yi kyau, amma a dakata a ga abin da Allah zai yi. Ƙarshen mako ya wuce, Legas ta ɗauki wani, auta ta zauna a gida ta nemi aiki a wani kantin magani a Tudun Wada. Batulu ta gaya wa kanta cewa tsoron Legas ne, garin da ake ƙwace wa mutum jaka da rana tsaka. Gaskiya ne, akwai tsoron. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu ƙarami mai muni da ba ta son dubawa: don me ita yarinyar abin zai zo mata da sauƙi haka?

Kwana biyun nan Ibtisam ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Ta yi shara, ta yi tuwo, ta goge wa uwarta kayan makaranta. Shirun ya fi damun Batulu fiye da a ce faɗa ta yi.

Ranar Asabar da hantsi suka isa Ƙofar Kuyambana. Tun daga bakin lungu Batulu ta ji dariyar da ta sani, mai fita gaba ɗaya ba ragi.

Baffa na kishingiɗe a buzunsa, littattafai jibge a bayansa, tsufa ya rage masa ido amma bai taɓa masa baki ba. Radiya na durƙushe a gefensa ta ɗaura masa na'urar awon jini a dantse.

"Ya hau, Baffa. Ka koma cin kilishi a ɓoye."

"Ƙarya injin yake yi. Na Nasara ne, bai san jinin malamai ba."

"To in ka faɗi, malaman su zo su ɗauke ka." Ta ɗaga kai ta gan su. "A'a, Yaya! Sannunku da zuwa. Ibti, zo nan in ga idon ma'aikaciya."

Batulu ta durƙusa daga nesa kamar yadda suruka ke yi, ta gaishe da Baffa, ta amsa gaisuwar ƙanwarta a taƙaice. Turaren Radiya ya cika zauren. Leshin jikinta marar hayaniya ne, irin wanda sai wanda ya san kaya yake gane tsadarsa, kuma Batulu ta sani.

"Wa nake ji kamar amaryata?" in ji Baffa. "An gama yajin?"

"Wane ango, haƙori ko ɗaya babu?" in ji Ibtisam. "Ni na canza shawara, mai mota nake so."

"Ja'ira! Mai motar zai iya karanto miki littafin Alfiyya da ka?"

Aka yi dariya, har Batulu ta ɗan murmusa. Baffa ya gyara zama, ya laluba carbinsa.

"Likita ta ɗan gutsura mini labari. Legas kam ta yi nisa ga budurwa, ba uwa ba uba. Amma zaman gida ga mai ilmi shi ma asara ne, mun gani a baya." Bai dubi Batulu ba, wataƙila bai ma tuna da wa ya gani ba. "To ga Kaduna nan kusa. Likita ta ce ɗakin maganin asibitinta ba shi da mai riƙo na amana. Ɗaki ma ta gyara mata a gidanta, har labule ta saka. Gida bai ƙoshi ba ai..." Ya katse kansa da tari. "Kai, ina ta zuba ba a tambaye ni ba. Batulu, me ke tafe da ku?"

Batulu ta ji zauren ya matse. Ashe ba a dakata zai ce ba. Shekara da shekaru amsa ɗaya yake bayarwa, yau da ta dogara da ita ya canza. Ta dubi Radiya. Radiya na naɗe igiyar na'urarta, idonta a ƙasa, bakinta da ɗan murmushin wanda ya riga kowa zuwa.

Kalma ɗaya ta rage. In ta ce shawara, Baffa ya ce Kaduna, shi ke nan an ɗaure, babu mai kwancewa. Nan take ta ga abin da zai biyo baya kamar a majigi. Ibtisam cikin farar riga a bayan kantar magani, marasa lafiya suna nuna ta suna cewa 'yar Likita ce. Ibtisam tana cin abincin dare a teburin Radiya, suna dariyar nan tasu. Mai neman aure ya fara kai gaisuwa Kaduna kafin ya san hanyar Zariya. Ranar biki Radiya ce uwar amarya, ita kuwa a ba ta kujera a gefe a ce ga Malama, mai hankali. Jikokinta su faɗo duniya a hannun Radiya, a asibitin Radiya, su buɗe ido su fara ganin fuskarta.

Legas kuwa babu kowa a cikinta. Babu Batulu, amma babu Radiya.

"Sallama muka zo yi, Baffa."

Ba ta san muryarta za ta fita da ƙarfi haka ba. Carbin Baffa ya tsaya. Ibtisam ta juyo da sauri har mayafinta ya zame.

"Sallama?"

"Ranar Lahadi ta sama za ta tafi Legas. An gama magana da kamfanin. Mun zo a sa mata albarka." Ranar ma a nan take ta tsinto ta, ba ta san daga ina ba.

Baffa ya ajiye carbinsa a kan buzu. Ya juya fuskarsa wajen muryarta kamar mai son tabbatarwa ita ce.

"Batulu ce kuwa?"

"Ni ce, Baffa."

"Ikon Allah. To, sallama hannu rabbana? Ko an canza al'adar ban ji ba?"

Nan ta tuna ba ta riƙo komai ba. Mai shawara ba ya riƙo, kuma ita shawara ta fito yi. A jakarta babu abin da ya wuce waya da carbi da jar biro. Tsoho ya kama ta, kuma ya san ya kama ta. In babu goro, yana iya cewa to a koma a shirya a dawo, kafin nan kuwa a zauna a duba maganar.

Ta saci kallon Radiya. Murmushin ya tafi. Fuskar ta sauka, ta tsufa a lokaci ɗaya, har ramukan ƙarƙashin ido suka fito ta cikin hoda. Batulu ta ji wani zaƙi ya taso mata har maƙogwaro. Tun suna yara ba ta taɓa ƙwace wani abu daga hannun Radiya ba sai yau.

Radiya ta ja numfashi. Ta miƙa hannu bayanta ta jawo wata leda da ta shigo da ita, ta tura gaban Baffa.

"Ga shi nan, dabino ne. Ni Yaya ta ba riƙo tun a waje, surutunka ya mantar da ni."

Baffa ya laluba ledar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza a yatsa. "Irin wanda kike kawo mini duk wata."

"To ai shi ya sa ta saya, ta san shi kake so."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. Ya san ƙarya ce, sun san ya sani, amma dabino na gabansa kuma an ce sallama. Ya ɗaga hannuwa. Ya yi addu'a doguwa, ya roƙa wa yarinya tsari daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane, ya roƙa mata miji nagari ko da bai iya Alfiyya ba. Aka shafa. Ibtisam na hawaye tana dariya.

"Allah ya yi miki albarka, amarya. Kin guje ni dai." Ya jefa dabinon a baki yana mamula. "Wannan yarinya jinin Likita ce. Ita ma haka ta yi mini, sai ganin goro na yi."

"Sosai kuwa," in ji Radiya a hankali.

Batulu ce ta yi maganar, ita ta yi kasadar, amma ko wannan an ɗauka an miƙa wa Radiya, har da tukwicin dabino. Suruka ba ta gyara wa suruki zance. Ta ce, "Mun gode, Baffa," ta tashi.

A bakin ƙofa Radiya ta cim musu. Ta ce wa Ibtisam ta shiga ciki ta gaida matan gida, ta jira har yarinyar ta ɓace.

"Yaya."

"Na'am."

"Labulen nan, sai da na zagaye kasuwa kafin in samu kalar da take so."

"Ba zai rasa mai so ba."

"Da kin bar mini ita ko shekara ɗaya ce. Ba cinye ta zan yi ba."

"Ai kina da asibiti."

Radiya ta dube ta kamar za ta ce wani abu mai zafi, irin wanda ta iya. Sai ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ku zo in sauke ku."

"Mun gode, akwai keke."

"Dabinon fa, ba sai kin biya ba."

"Zan aiko miki da shi."

A cikin keke, suna ratsa lunguna zuwa gida, Ibtisam ta riƙe hannun uwarta da hannu biyu. "Mama, da gaske ne? Ba za ki canza ba?"

"An shafa fatiha, wa zai canza?"

"Wallahi ban taɓa zaton... Me ya sa, Mama?"

Batulu ta juya tana kallon masu ɗinkin hula a gindin wani bango. Sai yanzu abin ya fara sauko mata: Lahadi ta sama, gidan zai zama ita kaɗai da rediyo. Ba ta san unguwar da kamfanin yake ba, ba ta san inda yarinyar za ta kwana ba, ba ta tambayi kowa komai ba.

"Masauki fa?" ta ce. "Sun ba ki?"

"A'a. Amma Anti Radiya ta san wata nas a..."

"A'a."

"Mama, kawai dai..."

"Na ce a'a. Akwai Raihana, ɗalibata ce, tana aure a Agege, mijinta malami ne. Duk salla sai ta kira ni. Yau zan neme ta." Ta damƙe hannun yarinyar har sai da ta ce wash. "Kuma ki ji ni da kyau. In kin sauka, ni za ki fara kira. In an ba ki albashi, ni. In zazzaɓi ne, ni, ko da ban san maganinsa ba. In wayata a kashe take, ki jira."

"To, Mama."

"Ki ce wallahi."

"Haba Mama, har da rantsuwa?"

Wayar Ibtisam ta fara ruri a cinyarta. Su duka biyu suka duba, suka ga sunan Anti Radiya ya fito. Ibtisam ta kai hannu, Batulu ta riga ta, ta ɗora tafinta a kan wayar ta danne. Tana jin rurin yana ratsa mata ƙashi har ya tsaya. Mai keke ya waiwayo ya ce, "Hajiya, dama ko hagu?"

Wayar ta sake ɗaukar ruri. Batulu ba ta ɗaga hannunta ba.

"Hagu," in ji ta.